Daga turmi zuwa takarda: yadda niƙan gahawa ya bi tukunyarta

A Istanbul ta tsakiyar ƙarni na 16, sa'ad da gidajen shan gahawa na farko suka buɗe, babu mai tambayar wane irin niƙa ya dace. Dakawa ake yi a turmi har ta koma gari mai laushi kamar kwalli, a tafasa a 'yar tukunyar tagulla mai dogon mariƙi, a juye a finjali ba tare da tacewa ba. Laushin nan tilas ne, domin garin da ba za a tace ba sai ya kwanta a gindin finjali, kada mai sha ya riƙa tauna tsaki.

Tambayar ta taso ne bayan Turawa sun dage sai sun raba gari da ruwa. A 1908 wata matar aure a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta hudahuda gindin wani gwangwanin tagulla, ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace gahawa da ita. Takardar ta kawar da guggubi, amma ta zo da nata sharaɗin. Gari mai laushi toshe ta yake yi, ruwa ya daɗe a kansa ya kwaso ɗaci. Wanda aka barza kuwa, ruwa ratsa shi yake yi da gudu, gahawar ta fito salam, da ɗan tsami. Matsakaicin niƙa, mai kama da yashi, daga nan ya samo gindin zama.

Sauran kayan haɗin sun ja zuwa gefe biyu. Tulun gilashin da ake danna wa ragar ƙarfe, wanda Attilio Calimani ya yi wa rajista a 1929, jiƙa gari yake yi na kusan minti 4, kuma ragarsa ba ta tare ƙananan ɓurɓushi, don haka barzajje yake so. A Milan kuma, a ƙarshen shekarun 1940, injin Achille Gaggia ya fara tura ruwan zafi da matsi mai ƙarfi. Ruwan da zai wuce cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ba shi da lokacin jira, sai gari mai laushi da aka danne.

Mai haɗawa a gida ya gaji duk waɗannan tukwane a lokaci guda, shi ya sa ruɗani. Harshensa ne ma'auni: in ta yi ɗaci, ya ƙara girman niƙan, in ta yi tsami, ya ƙara laushi. Injin markaɗen kicin, duk da saurinsa, ba ya cikin lissafi, domin sara yake yi ba niƙa ba, yana haɗa ƙura da tsaki. Injin hannu mai haƙoran ƙarfe, irin wanda Peugeot ya fara ƙerawa a Faransa a 1840, ya fi shi daidaita ƙwayoyin.