Yadda ake auna maganaɗisun da ke cikin silikon

Sinadarin silikon, wanda ake tacewa daga yashi da duwatsu, shi ne ginshiƙin wayoyin salula da farantan sola da jama'a ke amfani da su a yankunan Sabon Birni da Isa.

Aikinsu ya dogara ne a kan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektron, waɗanda kowannensu tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne.

Domin auna ƙarfinsu, masana kan bi wata dabara mai suna NMR.

Akan sanya silikon cikin babban maganaɗisu, sannan a aika masa da igiyar rediyo. Cibiyoyin wasu ƙwayoyin zarra kan amsa a wata mita ta musamman, amma ilektron da ke kewaye da su kan ɗan gusar da mitar. Wannan gushewa ce ake aunawa.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka fito da dabarar a Amurka a 1946, abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1952. A 1949 kuma Walter Knight ya gano gushewar a cikin ƙarafa.

Dabarar ce tushen na'urar MRI ta asibitoci.