Zanen barkwanci na siyasa: yadda raha da ƙissoshin addini ke zama makamin sukar shugabanni

Zanen barkwanci na siyasa hoto ne da ake zanawa da hannu, galibi a shafin ra'ayi na jarida, domin yin tsokaci kan mai mulki ko manufarsa. Ƙarfinsa yana cikin taƙaitawa: abin da sharhin edita zai ci shafi guda yana faɗa, zane kan isar da shi da kallo ɗaya.

Dabara ta farko ita ce zuguguta kama. Akan ƙara wa shugaba girman tumbi ko tsawon hula, har kwarjininsa ya koma abin dariya. A 1831 Honoré Daumier na Faransa ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton da ke haɗiye dukiyar talakawa, abin da ya jawo masa ɗaurin wata shida.

Dabara ta biyu ita ce aron ƙissar da mai karatu ya riga ya sani. A 1803 James Gillray na Ingila ya zana Napoleon a wajen liyafa, hannu yana rubutu a bango, kamar labarin Sarki Belshazzar a Littafin Daniyel, wato mulkinsa ya kusa ƙarewa. A ƙasarmu, inda Musulmi da Kirista suka san Fir'auna, ya isa a ɗora wa mai mulki kamanninsa, kowa ya gane ana nufin zalunci da girman kai. Haka Ƙaruna yake ga mai tara dukiya, ko shanu bakwai ramammu na ƙissar Annabi Yusuf ga shekarun yunwa. Da wannan ana auna shugaba da ma'aunin da shi kansa yake iƙirarin ya yi imani da shi.

A Najeriya, Akinola Lasekan, mai laƙabin Lash, shi ne ya share fagen wannan sana'a a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, yana caccakar mulkin mallaka. A yau akwai irin su Mike Asukwo da Mustapha Bulama.

Sai dai akwai iyaka. Aron ƙissa don sukar shugaba daban, taɓa mutuncin addini daban. Zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da jaridar Jyllands-Posten ta Denmark ta buga a 2005 ya haddasa tarzomar da ta ci rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006. Shi ya sa editoci a nan kan tantance irin wannan zane da kyau kafin a buga shi.