Wane Suna Ake Ba Kiɗan da Ya Haɗa Kowa?

Bahaushe yakan raɗa wa kiɗa suna ta hanya biyu: ko ya kira abin kiɗan, ko ya kira wanda ake yi wa. Akwai kiɗan kalangu, da na goge, da na kukuma; akwai kuma kiɗan noma, da na dambe, da na 'yan tauri. Sunan kaɗai ya isa ya faɗa maka wurin da za ka ji shi da mutanen da za ka tarar.

Sunayen da rediyo da kaset suka kawo ba haka suke ba. Ska ya tashi a Jamaika a ƙarshen shekarun 1950, daga baya rege ya biyo sawunsa, kuma wata waƙa da Toots and the Maytals suka fitar a 1968 ce ta yaɗa kalmar rege. Funk na baƙar fatar Amurka ne, James Brown ya ɗaga shi, rock kuwa jitar lantarki ce jigonsa. Salon bugu waɗannan sunaye ke nunawa, ba ubangidan makaɗi ba. Shi ya sa mutane suka dunƙule su suka ce kiɗan zamani, wasu ma kiɗan Turawa, alhali tushensu na wajen jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka.

Makaɗan Nijar da suka gauraya jita da kayan gargajiya ba su ari sunan waje ba. A 1995 Yakuba Mumuni, mai busa sarewar Fulani, ya kafa Mamar Kassey tare da Abdallah Alhassane. A bakin marokan Zabarmawa, Mamar ɗan Kassey shi ne Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songhai a 1493. Wannan suna ba baƙo ba ne a garin Gaya na ƙasar Dendi, domin Dendi ce ta karɓi zuriyar Askiya bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591.

Tal National ta Yamai, ƙarƙashin Hamadal Mumini Isufu, alƙalin da aka fi sani da Almeida, ta haɗa Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye. Tal yankin rairayi ne kusa da Ngigmi, a can gabas. Ƙungiya tana zaune a yamma, sunanta na gabas, ga kuma kalmar da ke nufin ƙasa baki ɗaya a haɗe da shi. Etran Finatawa, da aka kafa a 2004, ta raba sunanta biyu: etran taurari ne a harshen Buzaye, finatawa kuma al'ada ce a Fillancin Woɗaaɓe.

A Yelu ta yankin Gaya, inda Kyangawa, Hausawa, Dendawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, ga Kamba ta Nijeriya da Malanbil ta Benin a maƙwabtaka, gauraya ba sabon abu ba ce. Saurayin da ya ɗauki jita a nan yana da ikon buga rege ko funk yadda ya so. Amma ranar raɗin suna, ya dubi tarihin garinsu da harsunan da ya tashi yana ji, domin salon bugu kowa na iya koyonsa a waya, sunan ƙungiya kuwa shi zai faɗa wa duniya daga ina makaɗan suka fito.