Tarihin da ke Ƙarƙashin Motar Wasa

A gidanmu akwai wata 'yar ƙaramar Land Rover ta ƙarfe, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Kakana ne ya kawo wa mahaifina ita tsaraba daga Ingila a shekarun 1960, sa'ad da ya je kwas. Da ta zo hannuna ina yaro, ban ɗauke ta a bakin komai ba, don motar kara da muke yi da kanmu ta fi ta girma. Sai da na girma na kifa ta, na karanta rubutun da ke cikinta: Lesney, da Ingila, da lamba 12. Daga nan na shiga bin diddigi.

Lesney dai kamfani ne da waɗansu abokai biyu, Leslie Smith da Rodney Smith, suka kafa a London cikin 1947. Ba 'yan'uwa ba ne, sunan ne kurum ya zo ɗaya. Farkon Leslie da ƙarshen Rodney suka haɗa suka sami sunan kamfanin. Sana'arsu zubi ce, kusan irin ta masu zubin tukwane a kasuwanninmu, sai dai su da inji ake tura narkakken ƙarfen cikin mazubi da ƙarfin gaske. Ƙarfen kuwa yawancinsa tutiya ce, da ɗan alminiyam. Wani injiniya mai suna Jack Odell ya shigo cikinsu. An ce makarantar 'yarsa ta hana yara zuwa da abin wasan da ba zai shiga kwalin ashana ba, shi kuwa ya ƙera mata 'yar motar daɓe hanya daidai wannan girma. A 1953 aka fara sayar da irinta da sunan Matchbox, wato kwalin ashana. A shekarar ce kuma suka yi ƙaramin keken dokin naɗin Sarauniya Elizabeth, aka sayi fiye da miliyan ɗaya, suka sami jari.

To, abin da ya fi jan hankalina shi ne masu tara waɗannan motoci. Mutum zai ajiye mota iri ɗaya har guda biyar, kai ka ce zautuwa ce. Amma in ka duba da kyau, ba ɗaya ba ne. Ta farko tayoyinta na ƙarfe ne. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka koma tayar roba mai ruwan toka, daga baya baƙa. Ita ma wayar da ke riƙe da tayoyin, da farko matse bakinta ake yi, daga baya aka riƙa dunƙule shi. Launin fenti ma yakan sauya. Ma'aikatan ba don masu tarawa suka yi wannan ba. In tayoyin wani iri sun ƙare, sai a ɗauki na kwandon da ke kusa. In mazubi ya gaji, a gyara shi, gyaran kuma ya bar alama a jikin duk motar da ta fito bayansa. Ashe kenan wanda ya san waɗannan alamomi yana iya faɗin zamanin mota kamar yadda masanin rubutun ajami ke gane hannun magwafi. A ganina wannan aikin ɗan tarihi ne sosai, ko da masu yinsa ba su kira shi haka ba.

Babban sauyi ya zo a 1968, lokacin da kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, masu siririyar waya da tayoyin da ke gudu kamar iska. Yara suka juya baya. Dole Lesney ya sake tayoyin motocinsa a 1969, ya kira su Superfast. Saboda haka akwai motocin da jikinsu ɗaya ne, ƙafafunsu na zamani biyu, kuma irin waɗannan na tsakani masu tarawa ke rububi.

Duk da haka masana'antun Ingila ba su tsira ba, don aiki ya fi araha a gabashin Asiya. Masana'antar Dinky da ke Liverpool, wadda ta fara tun 1934, an rufe ta a 1979. Lesney ya durƙushe a 1982, wani kamfanin Hong Kong ya saye sunan, rubutun ƙarƙashin mota ya koma Macau, daga baya Sin da Tailan. Mettoy, masu yin Corgi a Swansea, suka bi sahu a 1983. A 1997 sunan Matchbox ya faɗa hannun Mattel ɗin nan da ya fara girgiza shi.

Tawa kuwa, masu tarawa ba za su ba ta daraja ba. Asalinta koriya ce irin ta soja, amma ina aji huɗu na firamare na sami ragowar fentin ƙofa na shafe ta da shuɗi, kwalinta kuma tun zamanin mahaifina ya ɓace. Tayoyin ne kaɗai na bari, baƙaƙe na roba, guda ɗaya ma ta ɗan karkace.