Tarihin Tsarin Toyota na Tafiyar da Masana'anta

Tsarin Toyota hanya ce ta gudanar da aikin masana'anta wadda kamfanin motoci na Toyota da ke Japan ya gina sannu a hankali daga shekarun 1930 zuwa na 1970. Ginshiƙansa biyu ne. Na farko, kada a ƙera abu sai an buƙace shi, a lokacin da ake buƙatarsa, kuma daidai yawan da ake buƙata. Na biyu, da zarar aibi ya bayyana a tsayar da aiki, ko inji ne ya gano shi ko mutum.

Ginshiƙi na biyun ya girmi motar kanta, don a masaƙa aka haife shi. Sakichi Toyoda, ɗan kafinta da aka haifa a 1867 a yankin Shizuoka, ya ƙare rayuwarsa wajen kyautata injin saƙa. A wancan zamani idan zare ɗaya ya tsinke, injin ba ya sani, ci gaba yake yi har ya ɓata yadi mai yawa, shi ya sa kowane inji sai an sa mai tsaronsa. Injinan Sakichi, musamman samfurin G na 1924, su ke tsayar da kansu in zare ya tsinke, sai ya zama mutum ɗaya na iya lura da injina masu yawa. Wannan dabara ita ake kira jidoka. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi izinin ƙera injin a kan fam 100,000.

Ɗansa Kiichiro ne ya karkata ga mota. Ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin injin saƙa a 1933, sashen ya zama kamfani mai zaman kansa a 1937, aka kuma buɗe masana'antar Koromo a 1938. Tun a can Kiichiro ya so a riƙa kawo sassa a daidai lokacin da za a ɗaura su, ba tare da an jibge su a sito ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse gwajin.

Bayan yaƙi kamfanin ya kusa durƙushewa. A 1950 bankuna suka gindaya sharaɗin a ware sashen sayarwa ya zama kamfani daban, a kuma rage ma'aikata. Aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, mutum fiye da 1,600 suka bar aiki, Kiichiro ya ɗauki alhakin abin ya sauka daga shugabanci. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a Yunin wannan shekara, da manyan motocin da sojan Amurka suka saya, su suka farfaɗo da kamfanin. A shekarar ce kuma Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, ya je ya ga masana'antar Ford ta River Rouge, wadda a lokacin ke fitar da dubban motoci a rana guda. Hanyar Ford, wadda ta faro daga layin harhaɗawa mai tafiya na 1913, tana son jari mai kauri da babbar kasuwa mai sayen samfuri iri ɗaya. Toyota ba ta da ko ɗaya. Kasuwar Japan ƙarama ce, ga ta da son motoci iri-iri kaɗan-kaɗan. Rashi ne ya tilasta neman wata hanya, kuma duk wanda bai riƙe wannan ba zai yi wuya ya gane dalilin dokokin tsarin.

Wanda ya mayar da tunanin aiki na zahiri shi ne Taiichi Ohno, wanda ya shiga masaƙar Toyoda a 1932, ya koma ɓangaren motoci a 1943. Da abin da ya sani na masaƙa ya fara: ya sake jera injina yadda mutum ɗaya zai riƙe da dama, abin da tsofaffin ƙwararru suka ƙi jini da farko. Daga nan ya ɗauko darasi daga manyan kantunan Amurka, inda mai saye ke ɗaukar abin da yake so daga kanta, mai kanti kuma ya mayar da gurbin abin da aka ɗauka kawai. Sai ya juya tafiyar aiki. Maimakon sashen baya ya yi ta ƙera sassa yana tura su gaba, sashen gaba ne zai zo ya ɗauki abin da yake buƙata, na baya ya ƙera madadinsa. Katin da ke ɗauke da wannan saƙo shi ne kanban. In babu kati, babu ƙira. An fara shi a farkon shekarun 1950, ya game masana'antun kamfanin wajen 1963, sannan aka kai shi ga masu kawo sassa daga waje.

Ohno ya lissafa ɓarna iri bakwai, ciki har da jira, da jigilar da ba ta da amfani, da kayan da suka lalace, amma wadda ya fi tsana ita ce ƙera fiye da buƙata. Hujjarsa na da ƙarfi: tarin kaya a sito yana rufe matsala. Inji ya lalace, ba wanda ya damu, tunda akwai ajiya. In aka rage ajiyar, matsalar kan fito fili, dole a gyara ta a ranar. Amma ƙera kaɗan-kaɗan ba ta yiwuwa muddin sauya ƙarfen da ke ba falle siffar ƙofa ko rufin mota na cin sa'o'i. Aka duƙufa kan wannan shekara da shekaru, da gudummawar injiniya Shigeo Shingo, har sauyin ya dawo na 'yan mintoci.

A ganina abin da ya fi kome muhimmanci shi ne igiyar da aka rataya a saman layi. Ma'aikaci mafi ƙanƙanta in ya ga kuskure yana da ikon jan ta, allon fitilu da ake kira andon ya haska, shugaban rukuni ya rugo. In ba a warware ba layi ya tsaya. A masana'antun Amurka na lokacin, tsayar da layi hurumin manya ne kawai, motoci masu aibi kuwa sai a ƙarshe ake gyara su. Toyota ta yarda ta yi asarar mintoci domin a bi sawun aibi har tushensa, ana tambayar dalili sau biyar a jere. A 1965 ta karɓi lambar yabo ta Deming kan ingancin kaya.

Duniya ba ta lura ba sai da rikicin man fetur na 1973 ya girgiza kamfanoni, aka ga Toyota ta fi saura jurewa. Ohno ya wallafa littafinsa kan tsarin a 1978. Gwajin da ya kashe gardama shi ne na Fremont a Kalifoniya. General Motors ta rufe masana'antarta ta can a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da rashin ingancin motoci. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan, aka tura ɗaruruwa horo a masana'antar Takaoka. Ba a daɗe ba motocinta suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk masana'antun General Motors. Mutanen dai su ne na jiya, yadda ake tafiyar da su ne ya sauya. Wani mai bincike, John Krafcik, ya raɗa wa tsarin suna Lean a 1988, littafin The Machine That Changed the World na 1990 ya yaɗa sunan, daga baya har asibitoci irin su Virginia Mason na Seattle suka ɗauka. Da yawa cikin masu kwaikwayo sun ɗauki kati da allo suka bar amanar da aka ba ma'aikaci, sai tsarin ya zame musu hanyar rage mutane kawai.

Tsarin na da nauyin da wasu ke ɗauka. Ɗan jarida Satoshi Kamata, wanda ya yi aikin wucin gadi a Toyota, ya wallafa littafi a 1973 kan tsananin gudun layi da gajiyar ma'aikata. Ƙananan kamfanonin da ke kawo sassa sau da yawa a rana su ma sukan ɗauki wahalar ajiyar da uwar kamfani ta sauke. Sannan ƙarancin ajiya haɗari ne. A ranar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke Kariya, wadda ke yin wani ƙaramin sashen birki ga kusan dukan motocin Toyota, layuka suka tsaya. Gomman kamfanoni suka karɓi zanen sashen suka shiga ƙera shi, aiki ya dawo cikin kimanin mako guda. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku na Maris 2011 sun fi haka muni, don an ɗauki watanni kafin a daidaita. Bayan nan Toyota ta bi diddigin masu kawo mata kaya har matakan ƙasa, ta kuma nemi a riƙa ajiye ƙwaƙwalwar lantarki, wato ƙananan sassan nan masu sarrafa inji da birki, ta watanni. Ajiyar ta ba ta sarari a farkon ƙarancin waɗannan sassa na 2021, shekarar da ta zarce General Motors a cinikin motoci a Amurka, duk da cewa a Satumbar shekarar sai da ta zaftare kashi 40 cikin 100 na motocin da ta shirya ƙerawa, saboda annobar korona ta rufe masana'antun sassa a kudu maso gabashin Asiya.