Tarihin Kurakuran Rubutun Hausa a Ƙasar Tasawa da Mayahi

1.0 Gabatarwa

Ba sabon abu ba ne a ji malaman lakwal da masu duba azuzuwan yaƙi da jahilci a jahar Maraɗi suna kuka da irin Hausar da ake rubutawa a allunan shaguna, da jikin motoci, da wasiƙu, da saƙonnin wayar salula. Kukan bai wuce abu uku ba: ana zubar da ƙugiyar haruffa, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba ko a raba na haɗewa, sannan ana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci ko ta Ingilishi. Galibi akan ɗora laifin a kan sakacin marubuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan kurakurai a tarihi, ta hanyar misalai daga gundumomin Tasawa da Mayahi, don a rarrabe wanda aka gada daga wata tsohuwar ƙa'ida, da wanda karin harshe ne, da wanda yake kuskure na haƙiƙa. Kowannensu da irin maganinsa, kuma mai tsara karatun manya da bai rarrabe su ba zai ɓata lokacinsa da na ɗalibansa.

2.0 Sunan gari ɗaya, rubutu biyu

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A littafin tafiyarsa ya rubuta sunan garin “Tasáwa”, wato kusan yadda masu garin suke faɗa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta iso wannan ƙasa, a nan ne kuma jagororinta biyu suka gamu da ajalinsu kusa da Maijirgi cikin watan Yuli. Bayan yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, sai iyaka ta raba Tasawa da Maraɗi daga Katsina da Daura. Daga nan sunayen garuruwa suka shiga takardun mulki da kunnen Bafaranshe da alƙalaminsa. Tasawa ta koma Tessaoua, Maijirgi ta koma Maïjirgui, Maraɗi ta rasa ƙugiyarta. A ƙasar Mayahi aka sami Guidan Amoumoune, da Tchaké, da Serkin Haoussa.

Waɗannan rubuce-rubuce suna da tasu ƙa'ida. Bafaranshe yana rubuta ou a wurin u da w, yana saka u bayan g don kada a karanta ta j, yana rubuta tch a wurin c, ch a wurin sh, dj a wurin j. Yaron da ya shiga lakwal da wannan ƙa'ida ya fara sanin haruffa, ita kuma yake gani a allon bakin hanya da takardar haihuwarsa. Don haka idan ya rubuta “guida” ko “tchiniki” ko “sannou”, abin da aka koya masa ya bi. A kudancin iyaka ma haka aka yi da Ingilishi. Ƙamus ɗin Robinson na ƙarshen ƙarni na 19 yana rubuta ch a wurin c, wannan ch ce kuma ta saura a sunan Bauchi, kamar yadda Sakkwato ta zama Sokoto. Mutumin Tasawa da ke fatauci zuwa Katsina da Kano yana cin karo da gādo biyu ke nan.

3.0 Yadda aka kafa ƙa'idar boko

Kafin boko, malaman wannan ƙasa da ajami suke rubuta Hausa, kuma ba a taɓa yi wa ajami ƙa'ida guda da ta game ko'ina ba. Boko kuwa a hannun Turawan mishan ya fara, musamman J. F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. Rubutun farko bai bambanta b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ yadda ya kamata ba. A 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu don makarantun Arewacin Nijeriya. An yi ta gwada hanyoyin nuna waɗannan baƙaƙe, wasu da ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu da alama a gefensa kamar ƙamus ɗin Bargery na 1934. Haruffa masu ƙugiya sun zauna ne a ƙarshen shekarun 1930 ta hannun Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa su. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, ta ci gaba da daidaita ƙa'idojin raba kalmomi.

Galibin wannan aiki a kudancin iyaka aka yi shi. A Nijar ta zamanin mulkin mallaka lakwal da Faransanci kaɗai take koyarwa, saboda haka Hausar boko ta shigo Tasawa da Mayahi a makare, ta hanyar da ba ta makaranta ba.

4.0 Daga Bamako zuwa Yamai

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta buɗe aikin yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa a farkon shekarun 1960. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako, daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris, don daidaita haruffan harsuna da dama na Afirka ta Yamma, har da Hausa. Nijar ta bi hanyar ninka wasali don nuna tsawonsa, tana kuma rubuta ay da aw a wurin ai da au. Shi ya sa jaridun karkara na wancan zamani suke ɗauke da sunaye irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, sunan harshen kansa kuma yakan fito “Hawsa”. Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. Sakamakon haka, manomin da ya koyi karatu a ajin manya a ƙasar Mayahi, in ya sayi littafin da aka buga a Zariya, sai ya tarar da rubutun da bai yi kama da na ajinsa ba.

Ninka wasali yana da amfaninsa, domin yana raba “garii” na mutane da “gaarii” na tuwo. Amma yana tsawaita rubutu, yana kuma raba masu karatu gida biyu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, bukatar littattafai ta ƙaru. A watan Janairu na 1980 cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kira taro a Yamai don daidaita rubutun ƙasashen biyu, bayansa Nijar ta bar ninka wasali. A 1999 Ma'aikatar Ilimi ta fitar da dokar da ta tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Bambancin da ya fi fitowa fili a yanzu shi ne ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya.

Abin lura shi ne, cikin shekarun da ba su kai arba'in ba, mutumin Tasawa ya ga sunan harshensa a rubuce iri uku: Haoussa, Hawsa, Hausa. Dattijon da har yau yake rubuta “may gidaa” ɗalibi ne da ya riƙe darasinsa, ƙa'idar ce ta sauya ta bar shi.

5.0 Karin harshe da kuskure

Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta. Mutanen Tasawa da Mayahi kuwa suna cewa lahiya da tahiya da hita inda littafi yake da lafiya da tafiya da fita. Ƙungiyoyin adashen mata da CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 sunansu Mata Masu Dubara, ba “dabara” ba, da wannan suna kuma aka san su a duniya. Wanda ya rubuta “lahiya” ya ji sautin bakinsa daidai, ya kuma sa masa harafin da ya dace, wato ya ƙware a ainihin abin da ajin karatu yake koyarwa. Jan alƙalami a kan irin wannan rubutu tun watannin farko yana kashe wa babban mutum gwiwa, alhali ya bar gonarsa ko sana'arsa ya zo aji.

Kurakuran haƙiƙa su ne masu ɓata ma'ana. Na farko shi ne zubar da ƙugiya, wanda ke mai da baƙi baki, ƙasa kasa, faɗa fada, ƙafa kafa. Shi ma yana da tarihi, don keken rubutu na ofisoshin Nijar na Faransanci ne, babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a jikinsa, wayar salula kuma ta gaji wannan giɓi ga wanda bai sauya madanninta ba. Na biyu shi ne haɗewa da rabawa. Ana rubuta “yazo” da “nagode” da “acikin” a wurin ya zo, na gode, a cikin, sannan ana raba “ya na” da “su ka” a wurin yana da suka. Illar tana bayyana a inda rabawa take sauya magana: “ko ya” dabam da “koya”, “ta fi” dabam da “tafi”, “ma su” dabam da “masu”. Na uku na nahawu ne, wato rikita jinsi, kamar “motan” a wurin motar, ko “mace ne” a wurin mace ce.

6.0 Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Idan Hausa za ta shiga takardar filin gona da rasit da umarnin shan magani, to ƙugiya guda tana iya jawo shari'a ko asara. Tarihin da aka bayyana yana nuna wa masu tsara karatu matakai huɗu. Da fari, a tanadi darasi na musamman ga waɗanda suka yi lakwal, mai jera ou, gu, tch, ch, dj kusa da takwarorinsu na Hausa, domin su sauya ƙa'ida suke bukata, ba koyon haruffa ba. Na biyu, a karɓi karin harshe a matakin farko, a gabatar da daidaitaccen rubutu bayan hannu ya faɗa. Na uku, a tsananta a kan ƙugiya da raba kalmomi tun ranar farko, a kuma koya wa malamai saka madannin Hausa a waya da na'ura. Na huɗu, a rubuta sunayen garuruwa da ƙa'idar Hausa kusa da tsohon rubutunsu a allunan hanya, yadda yaron da ya koyi rubuta “gida” a aji zai fito ya tarar da Gidan Amumun a bakin titi.