Daga Kwanciya Zuwa Tattaki: Yadda Jinyar Ciwon Baya Ta Sauya

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da saƙo, ta ce shekara biyu ke nan tana fama da ciwon ƙugu, tun bayan haihuwarta ta biyar. An yi mata ƙaho, ta sha jiƙon basir har ta gaji, sai uwar mijinta ta ce ta ajiye komai ta kwanta sai ta warke. Ta kwanta wata guda cur, abu sai gaba yake yi. Shi ne take tambaya, ta ci gaba da kwanciyar ko kuwa?

To 'yar'uwa, kada ki ga laifin Inna. Shawarar nan ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Manyan likitocin Turai sun yi kusan shekara ɗari suna bayar da ita kafin su gane sun yi kuskure. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Ciwon baya dai tsohon ciwo ne. Akwai wata takarda ta likitocin Masar da aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai ɗauke da bayanin raunuka 48. Na ƙarshensu shi ne targaɗen ƙashin baya. Marubucin ya fara bayanin magani ke nan, ya ce a kwantar da mutum rigingine, sai ya ajiye alƙalami bai ƙarasa ba. A ƙasar Girka kuwa, wasu masu magani ɗaure mutum suke yi a jikin tsani, su ɗaga sama su saki, wai don baya ya miƙe. Babban likitansu, wanda Larabawa ke kira Buƙrat, ya ce yawancin masu yin haka neman burge 'yan kallo kawai suke yi. Likitocin Musulmi ma sun taɓo batun: Ibn Sina ya yi bayanin zafin nan da ke sauka daga ƙugu ya bi ƙafa, wanda ake kira irƙun nasa, a littafinsa Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, shi kuwa Az-Zahrawi na Andalus ya yi ta amfani da lalas, wato ƙona wurin da ƙarfe mai zafi.

Doguwar kwanciya a matsayin magani kuwa ta kafu ne a ƙarni na 19 a Ingila. Akwai wani likita a birnin Libaful, Hugh Owen Thomas, ɗan gidan masu ɗori ne kaka da kakanni. Yawancin waɗanda ake kawo masa masu karaya ne da waɗanda tarin fuka ya ci musu ƙashi, kuma a lokacin ba a samo maganin tarin fuka ba. Sai ya dage cewa a hana wurin motsi, a daɗe, ba tare da yankewa ba. Ga irin waɗannan majinyata, yana da hujja. Matsalar ita ce na bayansa sun yi wa abin kuɗin goro: duk wanda ya ce wayyo bayana, sai gado.

A 1934 sai wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa ɗan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, mai kama da matashi, yana iya bullowa ya danne jijiya, kuma tiyata na iya sauƙaƙa hakan. Gaskiya ne, amma ga mutane kaɗan. Sai dai daga nan tsoro ya shiga zukata. Aka riƙa kallon baya kamar tukunyar ƙasa, wadda da ta tsage sai lallaɓawa. Aka riƙa kwantar da mutane makonni, wasu ma a rataya musu nauyi a ƙafa ana jan bayan.

Abin mamaki, duk tsawon shekarun nan an yarda da kwanciyar ne ba tare da an gwada ta yadda ya kamata ba. A 1986 wani likita, Richard Deyo, ya yi gwaji a jihar Tekzas da majinyata 203: wasu aka ce su kwanta kwana biyu, wasu kwana bakwai. Zafin bai bambanta ba, amma 'yan kwana biyu sun riga komawa aiki. A 1995 aka ƙara gaba a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, da ma'aikata 186. A nan waɗanda aka ce su ci gaba da hidimominsu gwargwadon abin da za su iya, su ne suka fi saurin samun sauƙi, masu kwanciya kuwa su ne a baya. Shekara guda kafin wannan, an ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba abin da ke damun bayansu, sai ga shi fiye da rabinsu faifan nan ya ɗan bullo. Kun ji fa! Lafiyarsu ƙalau. Ashe ba duk abin da hoto ya nuna ne ke kawo ciwo ba, wani furfura ce kawai ta cikin jiki.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Naman da ke riƙe da baya, in ya daɗe ba ya aiki, saki yake yi, gaɓoɓi kuma su sage. Sannan wadda ta yini a ɗaki ita kaɗai, ba abin da take saurare sai ciwon, ga tunani, ga rashin barci, kuma an tabbatar waɗannan na ƙara wa zafi ƙarfi.

Na san wata za ta ce, ni da ba na fita, ina zan yi tattaki? Wata kuma ta ce, ai aikin gida ma motsi ne. Ni dai a ganina akwai bambanci. Awa biyu a sunkuye kan wanki, ko shara da guntuwar tsintsiya ga goyo a baya, wannan daɗewa ce a hali ɗaya, ba motsi ba. Ki ɗora bahon kan turmin da aka kife, ki riƙa miƙewa kina ɗan zagayawa, ki raba daka da surfe kashi-kashi, kada ki tara su ranar da kika ji dama-dama. Tattaki kuwa, tsakar gida ta isa. A 2024 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostiraliya da mutum 701 waɗanda ba su daɗe da tashi daga ciwon baya ba. Waɗanda aka ɗora kan tafiya a ƙasa, ana ƙarawa sannu a hankali har wajen minti 30 sau biyar a mako, sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake kayar da su, sauran kuwa 112. Ki fara da minti biyar bayan asuba, daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure, kina lazuminki. In kin ji ɗan tsami a farko, ba ɓarna ba ce.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon bayan da ya wuce wata uku. Ta goyi bayan motsa jiki, da tausa, da ilimantar da majinyaci. Ba ta goyi bayan ɗamarar baya ba, ko jan baya, ko magunguna masu bugarwa, dangin su taramol. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada ta aiki yaro kyamis ya sayo mata sai ta ga likita.

Sai dai ku riƙe wannan da kyau: akwai ciwon bayan da ba na tattaki ba ne. In ƙafafu suka fara rauni, ko kika ji tsakanin cinyoyinki ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko kika kasa riƙe shi ko bayan gida, asibiti za a tafi a ranar, ko da dare ne. In kuma ciwon ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, ko ya biyo bayan faɗuwa, shi ma a je a duba, domin tarin fuka na ƙashin baya, wanda Dokta Thomas ya yi fama da shi, har yanzu yana nan a ƙasarmu, sai dai yau yana da magani. Ki faɗa wa maigida waɗannan alamomi tun yanzu da kike lafiya, ya san su, don kada ranar da abin ya zo a tsaya neman izini ko jiran ya dawo daga kasuwa.